Sai da na zubar da sin 22 kafin Rakiya ta motsa

Jiya wajen ƙarfe ɗaya na dare labarin fim ɗin nan da nake rubutawa, wanda ya hana ni sakat tun bayan ƙaramar Salla, ya buɗe. Don murna sai da na zagaya tsakar gida sau biyu, har mai ɗakina ta leƙo tana tambaya ko lafiya.

Waɗanda muka yi karatun gwaji tare a watan jiya kun san inda aka tsaya. Alhaji ya rasu, ya bar mata biyu, da 'ya'ya mata uku duk na uwargida, da gida, da shagon atamfa a Kantin Kwari. Babu ɗa namiji, iyayensa kuma sun riga shi. Ƙannensa biyu so suke a sayar a raba. Tauraruwata ita ce amarya Rakiya, wadda ba ta haihu ba. Ina son tsarin saboda takaba ta kulle kusan komai a gida ɗaya, ka ga kuwa babu furodusan da zai ƙi lokeshan ɗaya.

Karatun nan ya ci min naira 34,000 tsakanin buga kwafi shida da shayi da burodi da kuɗin motar mutane, kuma abin da na samu jimla ɗaya ce. Yarinyar da ta karanta Rakiya ta ajiye takarda ta ce, "Malam, ni kuka kawai zan yi ta yi har zangon ya ƙare?" Na ji haushi ranar. Da na koma gida na ɗauki jan biro na ƙirga: cikin sin 40, wato gutsattsarin wasan da ake ɗauka ɗaya bayan ɗaya, Rakiya ta fito a 31, kuma ko sau ɗaya ba ta yanke shawarar komai ba. A gaya mata, a yi mata, a ƙwace mata. Kujera ma ta fi ta aiki, don ita ana zama a kanta.

Babu dabarar da ban gwada ba. Na kawo mata tsohon saurayi, labarin ya karkata ya zama na soyayya, gadon ya koma gefe, ga shi mace mai takaba ko neman aurenta a fili ba a yi. Na cire shi. Na ƙirƙiro wasiyyar da Alhaji ya ɓoye, wadda ta ba ta shagon. Kwana uku ina jin kaina, sai malaminmu na unguwa ya kashe ta da magana biyu: babu wasiyya ga magaji, kuma wasiyya ba ta wuce sulusi. Boka kuwa ban ma bari ya shigo ba, an gaji da shi.

Amma zuwa wurin malam ɗin ne ya yi rana. Na ce ya yi min lissafin rabon a takarda, don kada in rubuta shirme masu kallo su yi min ca. Ya raba dukiyar kashi 24: matan biyu su raba tumuni, wato kashi 3, 'ya'yan mata su ɗauki sulusi biyu, kashi 16, ragowar 5 na ƙannen mamaci. Yana naɗe takardar ya ƙara da cewa, in akwai ciki a gidan, a Malikiyya dakatar da rabo ake yi har a haihu, in kuwa namiji aka haifa to ƙannen nan ba su da ko sisi.

Nan take na ba Rakiya ciki. Mako guda ina rubutu kamar ana kora ta. Sai na sake ɗaukar jan biron, na ga ramin dai shi ne: da tana zaune tana kuka, yanzu tana zaune tana jiran haihuwa. Cikin ma same ta ya yi, ba ita ta yi komai ba.

Abin da ya faɗo min jiya shi ne, babu cikin. Ita ce za ta ce akwai.

Ga yadda sin ɗin ya fito. Washegarin sadakar bakwai, Baffa Sule, ɗaya daga cikin ƙannen Alhaji, ya shigo da dillali, suna auna zaure da ƙafa. Rakiya tana bayan labule, muryarta kawai ake ji: "Yaya Sule, a dakata da awon nan. Ina da juna biyu." Dillali ya tsaya da ƙafa ɗaya a gaba. Shi ke nan, ba kiɗa, ba kuka. Kuma tana da dalili: ta taɓa ba Alhaji gwal ɗinta ya zuba a shago, babu shaida sai littafin da yake rubuta bashi, wanda ya ɓata ranar rasuwa. Bashi kuwa kafin gado ake fitar da shi. Lokaci take saye.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙaryar tana cin mai ita. Takabarta da wata huɗu da kwana goma ce, yanzu da bakinta ta mayar da ita sai ta haihu. Kowa a gidan ya koma ƙirga wata, matan ƙannen miji suna zuwa gaisuwa idonsu a kan zaninta. Agogon da zai sa lokaci ya riƙa ƙure wa Rakiya, wanda na yi wata biyu ina nema, ga shi ya zo da kansa.

Da safe na karanta wa mai ɗakina ina jiran yabo. Ta ce, "To a gidan da ake alwala a rariya ɗaya, ta yaya za ta ɓoye wa kishiya fashin salla?" Wallahi ni namiji ko a mafarki ban hango wannan ba. Na yi shiru, na ɗauka ta rusa min gini, ashe sin mafi kyau ta ba ni. Uwargida ta fito da asuba, ta ga butar Rakiya a bushe kwana biyu a jere. Ba ta ce uffan ba. Rana ta uku ta cika butar da kanta, ta zubar da rabi a bakin rariya, ta ajiye a ƙofar ɗakin. Da hantsi kuma, a gaban matar Baffa Sule, ta aika yaro ya sayo wa amarya agwaluma, "tunda ita take iya ci yanzu." Ita ma lokacin take so, ta haɗa kuɗin da za ta fanshi rabon ƙannen a gidan don kada 'ya'yanta su koma haya. Shafi ɗaya da rabi, magana layi biyu.

Sin 22 suka tafi kwandon shara, har da na makoki mai shafi biyar da nake ji da shi.

Abu biyu suka rage. Na farko, dole ƙaryar ta yi mata tsada a ƙarshe, ba don Hukumar Tace Fina-finai ta Kano kaɗai ba, masu kallonmu ma ba za su yafe wa mai ƙarya a takaba ta tashi a tutar nasara ba. Wannan ina da hanyarsa. Na biyun ne ya tsaya min a wuya: me zai hana Baffa Sule ya ce a je asibiti a yi hoton ciki? Mai takaba tana fita da rana in akwai lalura. Na yi tunanin mayar da labarin shekarun 1980, amma da na tuna kuɗin tsofaffin motoci da sutura, da yadda Adaidaita Sahu zai riƙa faɗowa bayan kyamara, sai na fasa. Ma'aikaciyar asibiti mai karɓar na goro kuma ba na so, arha ce. Wanda yake da mafita ya taimaka kafin Asabar, don ranar zan zauna da kashi na huɗu.