Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Daga Taragon Gadi Zuwa Santsi da Taɓo

A makon jiya mun tsaya ne a daren da na miƙa takardar ajiye aiki don in shiga kansilanci, na kwashe 'yan komatsaina daga kwatas ɗin reluwe na Zariya. Ƙarshen 1976 ke nan, shekarar da gwamnatin soja ta yi wa ƙananan hukumomi garambawul. Shekara goma cif na yi ina bin jirgin kaya tsakanin Zariya da Ƙaura Namoda, ni ne a tarago na ƙarshe da jar tuta da koriya da usur a wuya. Funtuwa, Tsafe, Gusau, babu tashar da ban san mai shayinta ba.

Da Baba ya ji labari bai yi faɗa ba. Yana zaune a kan buzunsa ya ce, "Kai yaro, a dogo in ka ga jar fitila ka san tsayawa za ka yi. Can inda za ka, wa zai kunna maka fitila?"

Na ce, "Baba, addu'arku ce fitilar."

Ya yi murmushi, ya ci gaba da jan carbinsa.

Shi Baba mai zuba wa kan jirgi kwal ne tun zamanin Turawa, kuma a bakinsa na fara jin sunan Michael Imoudu, jagoran ƙungiyar ma'aikatan reluwe. Yara suna tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, mu kuwa da labarin yajin aikin 1945 muka tashi: yadda ma'aikata suka nemi ƙarin kuɗin tsadar rayuwa bayan yaƙin Hitila, yadda aka yi kwana 44 ana ja-in-ja, jirage na fake a tasha kamar shanun da suka ƙoshi. Imoudu ma'aikacin reluwe ne a Ebute Metta ta Ikko, Turawa sun tsare shi a 1943, ba su sake shi ba sai dab da yajin. Baba bai taɓa ganinsa ido da ido ba, amma in ya ambace shi sai ka rantse ɗan ɗakinsu ne.

Mutane kan yi mamakin yadda ma'aikacin dogo ke faɗawa siyasa. Ni ban ga abin mamaki ba. Tun da layin ya iso Kano a 1911, duk abin da ya shigo Arewa ta kansa ya biyo, har da jarida da jita-jita. Mu ke jin farashin auduga a Funtuwa kafin manomi ya ji. Mun zauna bariki ɗaya da Bayarabe da Ibo da Tibi, mun san yadda ake kiran taron ƙungiya, a rubuta abin da aka tattauna, a ɗaga hannu a ƙirga. Uwa uba mun san lokaci. Ranar da na fara zaman kansila, an ce ƙarfe goma, na isa goma saura kwata. Ni da masinja muka yi ta hira har aka kira azahar kafin shugaba ya iso. To, daga ranar na gane agogon nan daban yake da namu.

Kansilancin bai taka kara ya karya ba. Rijiya biyu, kwalbati ɗaya, sai rigimar rumfunan kasuwa da ta ci mini takalmi.

Da aka ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba na 1978, ban yi dogon tunani ba na bi Malam Aminu Kano cikin PRP. Aka ba ni sakataren mazaɓa, wai don na iya riƙe littafi. A nan dogo ya biya ni. Duk tsofaffin abokan aikina, masu juya layi, leburorin gyaran hanya, masu dakon kaya a tasha, su ne suka zame mini ƙafafu. Sai in ba direba damin takardu masu hoton ɗan mabuɗi da yamma, kafin gari ya waye sun isa ƙauyen da motar jam'iyya ba ta taɓa takawa ba. Ka ce "Nasara!" a bakin tasha, ka ji an amsa daga cikin tarago. A 1979 Balarabe Musa ya ci gwamnan Kaduna, Abubakar Rimi ya ci Kano, aka soke haraji da jangali. Baba da ya sha ganin an shanya mutum a rana saboda kuɗin haraji, ranar sai da ya share hawaye da hannun riga.

Daɗin bai je ko'ina ba. Majalisar Kaduna tana hannun NPN, ta ƙi amincewa da kwamishinonin gwamna, ga kuma jam'iyyarmu ta dare gida biyu. 'Yan Taɓo suna tare da Malam, 'yan Santsi suna tare da gwamnonin biyu. Wa aka ɗora a kan shugabancin ɓangaren Santsi? Imoudu. Tsohon nan dai na labarin Baba.

Wallahi ban taɓa shiga tsaka mai wuya irin wannan ba. Malam ne ya buɗe mana ido muka san talaka mutum ne. Imoudu kuwa da sunansa aka yaye ni. 'Yan loko, wato ma'aikatan kan jirgi, suka zo gidana da dare suka ce, "Sakatare, kai namu ne, ɗan dogo ba ya barin ɗan dogo." Da asuba dattawan unguwa, tsofaffin 'yan NEPU da suka sha ɗauri tun ina yaro, suka aiko a gaya mini kada in ci amanar Malam. Kwana uku ina zagaye ta bayan gida don kada in haɗu da kowa. Mai ɗakina har ta fara tambaya ko bashi na ci.

A rana ta huɗu na tafi wurin Baba, na zauna a ƙasa, na zayyana masa komai. Ya daɗe bai ce uffan ba. Can ya ce, "Littafin jam'iyyar yana hannunka?"

"Yana nan, Baba."

"Sunan mutum nawa a ciki?"

Na gaya masa.

"To su ka tambaya? Ko kai kaɗai ne a jirgin?"

Na kira taro ranar Asabar bayan la'asar a filin da ke bayan tasha, na ce a yi irin ta ƙungiya, kowa ya ɗaga hannu a ƙirga. Abin da ban sani ba shi ne, wani ya riga ya kai labarin taron inda bai kamata ba, kuma tun kafin in gama karanta sunaye na hango ƙurar motoci biyu daga wajen kasuwa.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.