Jauro ya ce kar in mayar masa da ɗa Kaɗo

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye can gefen Guri, bana aji biyu aka ba ni. Cikin ɗalibaina akwai 'yan ruga huɗu da ke takowa daga bayan fadama kullum, ƙafa duk taɓo, ƙaramin ma da sandarsa yake zuwa ya jingine ta a bakin taga. Satin farko wallahi ko "zo nan" ba ya ji, ni kuma Fillancina bai wuce gaisuwa ba, haka muka dinga kallon-kallo yara na ta dariya.

Hedimasta ya ce a tura su makarantar makiyaya mana, ai don su aka yi ta. Gaskiya ne, tun 1989 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar ilimin makiyaya, zamanin Farfesa Jibril Aminu na ministan ilimi, kuma niyya ce mai kyau. Amma ni ban yarda ba. Nan fa da kaka ta yi sai ka ji an shiga gonar wane, an sari saniyar wane, to yaron da bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan manomi ba, bai taɓa raba rogo da shi lokacin tara ba, in ya girma da wane ido zai kalle shi?

Sai ranar kasuwa Jauro ya tare ni, muka gaisa, ya ce "Malam, karatun na so, amma jiya yaron nan da Hausa ya amsa wa kakarsa. Kar ka mayar min da shi Kaɗo." Na ce Allah ya ja da ran Jauro, amma raina ya sosu, don ba ƙarya ya yi ba. Ga Auyo nan kusa da mu, da yarensu suke a da, yanzu Hausa ta haɗiye shi ɗungurum. Mu ba ma jin zafin abin ne kawai don namu ne ke cinye na wasu.

Na rubuta takarda a turo mana malami mai jin Fillanci, shiru kake ji har yau. Kafin nan dai duk Juma'a mai sandar nan nake fitarwa gaban allo ya koya wa aji ƙirga, go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi. Ɗan mai unguwa ya kasa faɗin na huɗu, ya sa shi ya maimaita sau uku.