Laraba, ranar da rautar Alhaji ta manta sunanta

Bayan sallar Asuba ban koma barci ba, wayar da Alhaji ya yi min jiya da dare ce ta hana ni. Rautar (na'urar raba intanet) da muka saka masa a shagonsa na atamfa a Kantin Kwari ta manta komai: sunan waifai, kalmar sirri, har adireshinta. An ɗauke wuta daidai lokacin da take rubuta saiti, fayil ya tsaya rabi.

Laifina ne, ba na wuta ba. Wanda yake haɗa na'ura a Kano ya san wuta ba ta sallama kafin ta tafi. Da Buildroot, kayan haɗa manhajar ƙananan na'urori, na haɗa manhajar, na bar kowane shiri da nasa fayil: dnsmasq mai raba adireshi da nasa, hostapd mai kula da waifai da nasa, kowa da irin rubutunsa. In za ka canza adireshi ɗaya sai ka taɓa wuri uku, wuta kuma tana iya tafiya tsakanin na farko da na biyu.

Da hantsi na isa shago a Farm Centre, na zauna ina sake duba yadda masu OpenWrt, manhajar rauta, suka yi da UCI, tsarinsu na ajiye saiti. Abin ya burge ni, ko da yake na daɗe da saninsa, raini ne kawai. Duk saiti yana cikin /etc/config, rubutu iri ɗaya: config, option, list. In ka ce uci set, canjin yana zaune a /tmp, cikin RAM, ma'adanar wucin gadi, bai taɓa filash, ma'adanar dindindin, ba sai ka ce uci commit. Fayil ɗin dnsmasq kuwa, ana ƙirƙiro shi sabo duk lokacin da shirin ya tashi. Shafinsu na LuCI ma, inda ake canza saiti ta burauza, in ka yi canjin da ya yanke ka daga na'urar, bayan daƙiƙa 90 sai ya mayar da tsohon saitin da kansa. Wannan kaɗai da ya raba ni da hawa adaidaita zuwa Kwari cikin rana.

Yaron da nake koya wa aiki ya ce, "Yaya, me zai hana mu zuba komai a fayil mai siffar JSON?" Na ce masa ba siffar fayil ce damuwar ba, hannu nawa ne ke rubuta shi. Muka tsaya a kan shiri ɗaya tak ne zai riƙa rubutu. Zai rubuta sabon fayil a gefe, ya yi fsync don rubutun ya zauna a filash, sannan rename ya ɗora shi a wurin tsohon, don in wuta ta tafi a tarar da tsoho cikakke ko sabo cikakke. Shi ya kawo shawarar saka lambar siga a saman fayil saboda ranar sabunta manhaja. Ban yi tunanin wannan ba.

Bayan La'asar na ba shi aikin da ya fi so, zare filogi ana tsakiyar rubutu. Ya zare har hannunsa ya gaji, rautar tana tashi da hankalinta. Gobe da safe zan kai wa Alhaji ita kafin kasuwa ta cika.