Asabar a Jos, kan muƙalar haƙar kuza

Yau da hantsi muka haɗu a wani ɗakin karatu da ke kusa da Terminus, mu 'yan sa-kai masu rubutu a Wikipedia ta Hausa, domin ci gaba da aikin da muka ɗaukar wa kanmu na inganta muƙalolin da suka shafi sauyin zamantakewa a Arewa. Aikin yau ya faɗa kan haƙar kuza, kuma abin da muka tarar a shafin bai wuce bayanin ma'adinin da wuraren da ake samunsa ba, babu ko jimla ɗaya game da mutanen da sana'ar ta juya rayuwarsu.

Ni aka ba sashen tarihi. Na rubuta yadda kamfanonin Turawa suka shigo tsaunukan nan a farkon ƙarni na ashirin, da yadda ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layi kuma ya biyo ta Kafanchan a 1927, lamarin da ya sa leburori da fatake daga ƙasar Kano da Zazzau da Borno da kudancin Najeriya suka yi ta kwararowa barikokin Bukuru da Barikin Ladi. Na daɗe a kan shekarun 1942 zuwa 1944, lokacin da Japan ta ƙwace Malaya, ƙasa mai arzikin kuza, daga hannun Ingila, gwamnatin mulkin mallaka ta shiga ɗebo mutane daga ƙauyuka ta hannun hakimai da dagatai domin aikin tilas a ramukan kuza, inda sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka halaka da yawa. A ganina wannan ne sashe mafi nauyi a muƙalar, kuma ya kamata matashin da zai karanta a wayarsa ya same shi da harshensa.

Bayan sallar azahar wata malamar makaranta da ke cikinmu ta karanta abin da na rubuta, ta ce: "Malam, labarin waɗanda suka zo ya fito sarai, saura na waɗanda aka tarar." Nan take ta buɗe sabon sashe a kan gonakin Birom da sauran al'ummomin tsaunin da kamfanoni suka karɓe, da tafkunan da haƙa ta bari waɗanda har yau suke cin mutane da dabbobi. Wani daga cikinmu ya ji tsoron kada batun ya tayar da tsohuwar jayayyar asalin gari, amma mun yi ittifaƙi cewa duk jimlar da ke da madogara daga littafi ko binciken jami'a za ta zauna, ba tare da mun sa hukuncinmu a ciki ba. Na goyi bayan hakan da zuciya ɗaya, domin muƙalar da ta ɗauki ɓangare guda a gari irin Jos ba za ta samu amincewar rabin masu karatunta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar wani ɗalibi, wanda kakarsa ta yi dakon ƙasa a kwano tana yarinya, kuma har yanzu tana tuna waƙoƙin da mata ke rerawa a bakin rami. Ƙa'idar Wikipedia ba ta karɓar abin da ba a wallafa ba, saboda haka dole muka bar labarinta a waje. Ƙa'idar tana da hujja, tun da ita ce ke hana kowa cusa jita-jita, sai dai tsofaffin da suka ga wannan zamani suna ƙarewa. Mun ba shi shawarar ya naɗi muryarta da izininta, ya kai wa malaman tarihi a Jami'ar Jos ko wata jarida, ko Allah zai sa a buga.

Kafin la'asar wuta ta ɗauke, muka ƙarasa da wayoyinmu. Sashen rugujewar farashin kuza a 1985, da yadda tsofaffin leburori da 'ya'yansu suka koma noman rani na dankali da kabeji da karas a gefen tafkunan, mun rubuta shi a shafin tattaunawa a matsayin aikin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.