Asabar, Whitsand Bay

Na idar da sallar asuba ke nan na hau ɗaure kaya. Ƙarfe takwas kwale-kwalenmu ya bar Plymouth da ke kudancin Ingila, za mu nutso a tekun Whitsand Bay, mu shida da direba, iska tana yankan kunne. Da muka isa, na'urar da ke ɗaure a hannuna ta nuna sanyin ruwan digiri 10.

Rigar nutson da ake sawa a nan ba ta barin ruwa ya taɓa jiki, amma leɓɓa da kumatu ba su da mafaka. Ina faɗawa na ji kamar an mare ni da ƙanƙara, goshi ya ɗauki sara. Bayan kamar minti biyu ya lafa, muka kama igiya muka soma sauka.

Ruwan kore ne, mai duhu, cike da ɓurɓushi. Ya tuna min da ranar da hazo ya sauko Kano har ba ka hango ƙarshen layinku. Abin da ya wuce mita biyu ba ka ganinsa. Abokin nutsona ma hasken tocilarsa kawai nake bi. Ba ka jin komai sai numfashinka da kumfar da ke tashi.

Sai ga ƙarfe ya fito daga cikin duhun, dab da fuskata. James Eagan Layne ke nan, jirgin dakon kaya na Amurka wanda jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harba a watan Maris na 1945. An jawo shi zuwa gaɓa, ya nutse a nan, a zurfin da ya ɗan haura mita 20, kuma ba wanda ya rasa ransa. Yanzu wasu fararen halittu masu laushi kamar audugar rimi sun lulluɓe haƙarƙarinsa. Na haska wani rami, wani dogon kifi mai kama da gaiwa, kauri kamar cinyata, ya zuba min ido bai motsa ba. Na daɗe a wurin. Wallahi wannan nake zuwa nema. A ruwa garau ido yakan yi ta yawo ne, ga wannan ga wancan. A nan kuwa tafin hannu ɗaya ake ba ka, dole ka tsaya ka kalle shi da kyau.

Iskar tukunyata ta yi ƙasa, muka juyo. Mun tsaya minti 3 a mita 5 kamar yadda ƙa'ida ta ce, yatsuna sun ƙage a kan igiyar.

Da yamma Umma ta kira. "Kai ɗan nan, me ka ajiye a ƙasan teku da sanyin nan?" Na ce, "Umma, da kin ga abin da Allah Ya halitta a can." Ta yi shiru, sannan ta ce Allah Ya tsare, in riƙa addu'a kafin in shiga. Na ce ina yi.

Mako mai zuwa, in iska ta kwanta, za mu Scylla, jirgin yaƙin da aka nutsar da gangan a 2004, kusa da wannan. Sai na nemi safar hannu mai kauri kafin nan.