Gyaran Mahaɗin Waya Da Ya Tsinke A Na'urar Auna Oksijin Ta Masu Nutso

Kano ba ta da teku, amma wannan 'yar na'ura tana iya faɗowa kan teburin mai gyara a Farm Centre ko Sabon Gari. Mai aikin ƙarƙashin ruwa a madatsa irin ta Tiga ko Challawa yana buƙatarta, haka ma ma'aikacin asibiti da ke duba ƙarfin iskar da silinda ke bayarwa. Ƙorafin kusan ɗaya ne kullum: lamba tana rawa a allo, ko ta tsaya a sifiri, ko ta fito da alamar ragi a gabanta. Kafin ka ce sansa, wato ɓangaren da ke jin oksijin a cikin na'urar, ta mutu, buɗe ka dubi inda wayarta ta shiga mahaɗi. Sau da yawa can ne ɓarnar take.

Sansar nan tamkar ƙaramin batiri ce da oksijin ke kunnawa. A cikinta akwai dalma da ruwan sinadarin potassium hydroxide mai cin fata, kuma wutar da take fitarwa 'yar mitsitsiya ce: a iskar da muke shaƙa, mai oksijin kashi 20.9 cikin ɗari, yawancinsu suna ba da tsakanin milibolt 9 zuwa 13 (milibolt kashi ɗaya ne cikin dubu na bolt). Ka ga ke nan in rabin milibolt ya ɓace saboda sakwarkwacewar waya, kashi biyar cikin ɗari na awon ya tafi. Mai nutso da haɗin iska mai oksijin kashi 32 iyakar zurfin da zai iya kaiwa wajen mita 33 ne, mai kashi 36 kuwa bai kai mita 29 ba. Idan na'ura ta ce masa 32 alhali 36 ce a silinda, zai wuce iyaka bai sani ba, kuma yawan oksijin a zurfi yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A cikin ruwa, wannan ajali ne.

Abin da ke tsinka wayar bai wuce uku ba. Mutum ya fizgi waya maimakon ya kama jikin mahaɗin, ko ya murɗe sansa daga mazauninta wayar tana maƙale har silin tagullar ya kakkarye ɗaya bayan ɗaya, ko danshi ya bi cikin robar ya mai da tagullar baƙa ƙirin.

Cire batiri, sannan ka zare sansa gaba ɗaya. Saita mitarka a milibolt na DC ka auna ƙafafun sansar kai tsaye. Kada ka kuskura ka sa mita a wurin gwada tsinkewa, wanda ke ƙara, ka ɗora a kan sansa, domin a nan mitar tana tura tata wutar cikin sansar. Idan ka samu lambar da ta zauna daram cikin ƙa'idar milibolt 9 zuwa 13, alama ce sansa tana aiki. Rubuta ƙafar da ta ba da fozitif a takarda. Kada ka dogara da launin waya, ba kowane kamfani ne ke bin ja da baƙi ba. Kano tana kusan mita 500 sama da teku, matsin iskarmu ya ɗan gaza na Legas, don haka sansar da ta ba da 10.5 a can za ta iya ba ka wajen 10 a nan. Wannan ba lahani ba ne. Amma in ka ga farin gari kamar kanwa a gindin ƙafafun, ruwan cikinta ne ya tsiyayo. Sa safar hannu ka cire ta, babu gyaran da zai cece ta.

Mahaɗan da aka fi samu su ne mai ƙafa uku na Molex, da fulogi mai milimita 3.5 irin na abin sauraron kunne, da ɗan ƙaramin zagayayye da ake kira SMB. Na Molex ɗin ne ya fi yawan ba da wahala. Kowace waya tana ƙarewa da ɗan ƙarfe mai harshe da ke maƙalewa a cikin farar robar. Danna harshen ta 'yar tagar da ke gefe da bakin allura, ka ja wayar baya a hankali, za ta zame. Yanke wayar har sai ka iske tagulla mai sheƙi. In ka fere santimita biyu ko uku har yanzu baƙa ce, canza wayar duka da siririya mai lambar kauri 24 ko 26, domin dalma ba ta kama baƙar tagulla, sai dai ta zauna a kanta kamar ɗigon ruwa a ganyen ayaba. Fere milimita uku kacal. Sabon ƙarfen yana da fikafikai biyu-biyu: na gaba su rungumi tagulla, na baya su rungumi roba. Waɗannan na bayan su ne ke ɗaukar wahalar ja, kuma su ne masu gaggawa ke mantawa da su. In babu abin matsewa na musamman, yi da filaya mai tsinin baki, sannan ka taɓa masa dalma 'yar kaɗan. Idan dalma ta malala gaba ta shiga bakin ƙarfen, ya daina damƙar ƙafar sansa, sai ka sake sabo.

Idan ba a samu sabon mahaɗi ba, na fankar tsohuwar kwamfutar tebur mai waya uku tazarar ƙafafunsa milimita 2.54 ne, kuma yakan shiga daidai. Sai dai a ganina wannan na fita kunya ne kawai. Ƙafafun sansa galibi ruwan zinari gare su, na fanka kuwa kuza ne, kuma haɗuwar biyun tana yin tsatsa da daɗewa.

Wajen liƙi, zafin ƙarfen liƙin ya tsaya tsakanin digiri 320 zuwa 350, daƙiƙa biyu ko uku a kowane wuri, da siririyar dalma mai ƙaro a ciki. Man liƙi mai asid irin na masu gyaran lagireto ba na nan ba ne, zai cinye wayar cikin 'yan watanni. Zura robar nan mai tsukewa da zafi kafin ka liƙa, ba bayan ka gama ba. Kuma duk wannan aiki ana yinsa ne sansa tana gefe guda. Kada a ɗora ƙarfe mai zafi a ƙafarta, kada sifirit ko tururin sufa gulu ya kusanci farar fatar da ke bakinta. Bar ɗan rarar waya a lanƙwashe, ka danne ta a jikin akwatin da ɗigon gam na kyandir, yadda ko an fizga ba mahaɗin zai ji ba.

Yanzu gwaji, kuma a nan ne gyara da yawa ke faɗuwa. Maɓallin saitawa yana iya tilasta wa kusan kowace sansa ta nuna 20.9, har wadda ta kusa mutuwa, saboda haka ganin 20.9 bai tabbatar da komai ba. Saita na'urar a buɗaɗɗiyar iska, nesa da hayaƙin janareta da numfashinka, ka bar ta minti biyu. Sannan ka motsa wayar da yatsa ta kowane ɓangare kana kallon allo. Ko da 0.1 lambar ta yi tsalle, koma ka buɗe. Bayan haka sai tsantsar oksijin, ana sakinsa sannu, lita ɗaya zuwa biyu a minti, don busawa da ƙarfi tana ƙara matsi ta ɗaga lamba. Hannu da kayan aiki kada su kasance da mai ko giris. Wutar sansa ya kamata ta ninka kusan sau 4.8: mai 10 a iska ta kai wajen 48, allo kuma ya nuna 99 zuwa 100. In ta maƙale a 90 ko ƙasa, sansar ta tsufa ne, ba laifin wayarka ba. Tambayi asalin iskar tukuna, domin injin tace oksijin na asibiti, da silindar da aka cika daga irinsa, suna ba da kashi 90 zuwa 96 ne kawai.

Sansa takan yi shekara ɗaya zuwa uku, zafi kuma yana gaggauta ƙarewarta. Mota a rufe a rana cikin watan Afrilu ba wurin ajiyarta ba ne. Manna 'yar takarda a cikin murfin, ka rubuta kwanan wata da milibolt ɗin da ka samu a iska da kuma a tsantsar oksijin, don wanda zai buɗe ta nan gaba ya sami abin kwatantawa.