Woodson da 'yan bayan Michigan

Ni dai a ƙwallon Amurka 'yan baya nake bi da ido, abokaina su yi ta yabon mai jifa. Charles Woodson na jami'ar Michigan ne ya jawo min haka. Jiya ma sai da na sake kallon tsallen da ya yi ya cafe ƙwallo da hannu ɗaya a wasansu da Michigan State a 1997, ina ta maimaitawa har shayina ya huce. A shekarar ce ya doke mai jifa Peyton Manning ya ɗauki kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, abin da ɗan baya bai taɓa yi ba. Aidan Hutchinson, shi ma ɗan bayan Michigan, ya zo na biyu a takarar Heisman a 2021, Bryce Young ya sha gabansa. Hutchinson ya samu wata kyautar, ta Lombardi, amma har yau abin na min ciwo.